Ragowar Niyon a Kwalbar Malam Isufu

Kwanakin baya na tsaya a bakin wani shago ina kallon wasu samari suna haɗa allon talla. Fitilar tasu a nannaɗe take kamar igiyar shanya, daga kasuwa suka sayo ta. Ɗaya ya ja, ya yanka da almakashi, ya manna, ya jona, sai ga haske. Ko gumi bai yi ba. Na ce masa, "Samari, ka san da baki muke yin aikin nan a da?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Baba, da baki kuma? Waƙa kuke yi mata?" Ban ga laifinsa ba, rashin sani ya fi dare duhu. Saboda shi da ire-irensa na ga ya kamata in faɗi yadda sana'ar lanƙwasa gilashi take, tun da mu da muka yi ta a Kano mun kusa ƙarewa.

Sunana Tijjani. Gidanmu a cikin birni yake, gidan malamai. Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam har mu 'ya'yansa, marubucin Alƙur'ani ne, da alƙalamin da ya feƙe da kansa da tawadar da ya dafa da kansa. Ya koya mana jan baƙi tun hannunmu bai iya riƙe ludayi ba. Yayana Muntari ya bi sawunsa. Ni kuwa wata rana da magariba na ga rubutun wuta a saman wani sinima, ja wur, yana rawa a jikin sama, na tsaya baki buɗe har aka idar da salla. Daga ranar hankalina ya bar zaure. Da na gaya wa Malam inda zan koma, bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Na koya maka rubutun da ake alwala kafin a taɓa, ka zaɓi wanda ake kiran mashaya da shi. Allah ya ba da sa'a." Tun daga nan tsakanina da shi sai gaisuwar Juma'a. Na yi shekaru babu abin da nake so a duniya kamar ya ɗaga ido sau ɗaya ya dubi aikin hannuna.

Shagon da na shiga a farkon shekarun saba'in yana Bompai, bayan wata masaƙa. Na wani Kwara ne, cikin fararen fatar nan 'yan kasuwa, amma shi lissafi kawai ya sani. Mai aikin shi ne Malam Isufu, wani dogon Badamagare marar son magana, wanda ya koyo sana'ar a Abijan.

Aikin farko da ya bar ni na yi shi ne zobe, wato in ɗauki miƙaƙƙen bututun gilashi mai kaurin ɗan yatsa in mayar da shi da'ira. Ga yadda ake yi. Za ka toshe baki ɗaya, ɗayan ka sa masa siririyar roba, ka riƙe ƙarshenta a bakinka. Sai ka miƙa gilashin kan doguwar wutar gas, kana juya shi, kana kai shi kana kawo shi, har ka ji ya saki jiki a hannunka kamar tafasasshiyar taliya. Nan take za ka ɗauke, ka kwantar a kan zanen da ke tebur, ka hura. In ba ka hura ba, kwanar ta lotse. In ka hura da ƙarfi, ta yi tulu. Ba ka da lokacin shawara, gilashi ba ya jiran wanda ke tunani. Ga kuma muguntarsa: mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya. Dubi yatsuna, har yau akwai waɗanda ba su da zane. Na fasa gilashin da ya cika kwando kafin Malam Isufu ya ɗaga wani zobe nawa ya leƙa ni ta cikinsa, ya ce, "To, wannan ya fara kama da na mutane."

Doka ɗaya ce a teburin nan, ba a cin goro. Ɗan ɓarɓashi ɗaya ya bi roba ya shiga bututu, aiki ya ɓaci. Shi kuwa Malam Isufu ba abin da yake ƙauna kamar goro. Sai ya ajiye ɓari ɗaya a kan taga tun safe, yana aiki yana satar kallonsa, sai an tashi ya wanke hannu ya je ya same shi kamar mai zuwa zance.

Lanƙwasa rabin aiki ne. Sauran rabin yana ɗan ƙaramin ɗakin da muke kira ɗakin famfo, inda ake zuba wa gilashi iska. A bangon ɗakin akwai wata babbar takarda mai gida-gida, wadda masu aiko mana da kaya daga Turai suka haɗo da ita. 'Yan boko na kiranta teburin sinadarai. Malam Isufu bai yi boko ba, wani injiniya ne ya bi masa ita a Abijan, shi kuma ya mayar da ita unguwa.

"Duk abin da Allah ya gina duniya da shi yana da ɗaki a nan," in ji shi. "Ga ƙarfe, ga zinariya, ga farar wuta, ga zaiba. Kuma kowa a unguwar nan mabuƙaci ne. Wannan yana da rara yana neman wanda zai bai wa, wancan yana da giɓi yana neman mai cika masa. Shi ya sa ba sa zama, kullum cikin ƙulla aure suke. Ƙarfe ya haɗu da iska su haifi tsatsa. Amma dubi layin ƙarshe, can hannun dama, daga sama har ƙasa. Waɗannan shidan sun ƙoshi. Ba sa roƙo, ba sa bayarwa, ba sa zuwa bikin kowa. Turawa na ce musu 'yan sarauta. Ni dai masu zuhudu nake ce musu."

Ya bi su da yatsa. Hiliyam a sama, marar nauyi, mai ɗaga balan-balan. Sai niyon, sai agon, sai kiripton da zinon waɗanda muke jin labarinsu kawai don tsada, sai radon can ƙasa, wanda ko maƙwabtaka ba a so da shi. Dukkansu ba su da launi, ba su da wari, ba sa cin wuta. Amma ka kulle ɗayansu shi kaɗai a bututu, ka bi ta cikinsa da lantarki, sai ya faɗi abin da ke ransa. Niyon ja yake bayarwa, jan garwashi. Agon kunya gare shi, haskensa dishi-dishi, sai an ɗiga masa zaiba yake buɗe murya ya zama shuɗi. In ka sa wannan shuɗin a gilashi rawaya, ka sami kore. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce duk suna nan cikin iskar da muke shaƙa, Turawa ne ke sanyaya iskar har ta zama ruwa su tace su. Na yi watanni ina tuƙa keke zuwa gida da yamma, ina bi ta gaban masaƙu, ina jan numfashi a hankali, ina raya cewa akwai ɗan jan haske a ƙirjina wanda ba a kunna ba. Sau biyu ina faɗawa kwata.

Allon wani kamfanin sabulu ne na fara zuba wa iska da kaina. Mai zuhudu ba ya zama da kowa, don haka sai ka fitar da komai tukuna, har numfashinka da ka hura. Za ka liƙa wa bututun hulunan ƙarfe a baki biyu, ka jona shi da famfo ya zuƙe iskar ciki, sannan ka sakar masa babbar wuta ya yi zafi har dattin da ya maƙale a jikin gilashin ya tashi. Toyi muke ce wa wannan. Ma'auninmu guntun jarida ne, a ɗora a kan bututun, in ya yi baƙi ya fara hayaƙi, toyi ya yi. Sai ka bari ya huce. Sannan ka je ga kwalbar niyon, wadda ita ma ta gilashi ce, in ka ɗaga ta sai ka rantse ba komai a ciki. Ka murɗa ɗan makunninta kaɗan, kana kallon mai yana hawa a ma'auni, ya kai zane ka rufe. Ka narke bakin bututun ka yanke. A nan ake gane wanda ya iya. Ƙofar da ba ta kai tsinin allura ba ta isa iskar waje ta shiga, kuma da ta shiga jan ya tafi.

Shekarun nan an yi ciniki. Kuɗin mai ya shigo, kowane kamfani a Bompai da Sharada yana son sunansa ya kwana yana ci a sama. Har Challawa muke zuwa da tsani, wajen masu jima, mu dawo kayanmu na wari. Akwai wani Alhaji mai kamfanin katifa da ya ce lallai sai mun yi masa mutum yana kwanciya yana tashi. Muka yi. Bayan mako ya dawo ya ce mutumin yana saurin tashi, mutane za su ce katifar ba daɗi. Muka rage masa sauri. Masu otal kuwa ja suke so, ba sa son jin komai sai ja. Ni na yi wa wani otal wani ƙaton zakara, tsayinsa ya fi mutum, da zankonsa da komai. Ina alfahari da shi a zuci, amma ban taɓa faɗa a gida ba.

Sai shekarar tsuke bakin aljihu ta zo, a farkon shekarun tamanin. Kaya suka daina shigowa. Masaƙar da ke gabanmu, wadda jiniyarta ke tashinmu cin abinci, ta koma aikin rabin yini, daga baya ta yi shiru. Ka bi titin Sharada da hantsi sai ka ji kukan kurciya a inda da ba ka jin maganar na kusa da kai. Agon bai yi wuya ba, don masu walda na amfani da shi. Niyon kuwa ya ɓace ɓat. Ana cikin haka aka ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasa. Malam Isufu ya fi shekara ashirin a Kano, amma bai taɓa tunanin Damagaram wata ƙasa ce ba, balle ya nemi takarda. Ranar da zai tafi ya kai ni ɗakin famfo, ya dafa kwalbar da ke jone, ya ce, "Wannan tawa ce, ba ta Kwara ba, da kuɗina na saye ta. Abin da ya rage bai fi cikin bututu ɗaya ba, shi ma in bai cika tsawo ba. Kada ka ba allon da za a sauke baɗi." Ya ɗauki goronsa a taga ya fita. Ba da jimawa ba Kwara ma ya miƙa mini makulli ya ce in riƙa 'yan gyare-gyare kafin abubuwa su daidaita, ya hau jirgi.

A shekarar ce kuma yanar ido ta rufe wa Malam gani. Wata Juma'a na shiga gaishe shi, na tarar ya ɗauki wata takarda daga rubutunsa na da, ya kai ta dab da hanci, ya juya ta wajen hasken ƙofa, ya daɗe, sannan ya ajiye. Bai san na shigo ba. Na ji yana cewa da Yaya Muntari, "Karatun yana kaina, ba shi na rasa ba. Baƙin nake kewa." Na fita ban gaishe shi ba.

Nan da nan na san abin da zan yi. Idan tawada ta yi masa duhu, ai ni da haske nake rubutu. Na zauna na lanƙwasa Bismillahi da manyan baƙaƙe. Launi kuwa ban ko yi shawara ba. Wane ɗan gidan malamai ne zai rubuta sunan Allah da jan otal? Kore na yi, launin tutar Maulidi, da agon da zaiba a gilashi rawaya. Ya fito shar, har ni da na yi shi sai da na yi salati. Na naɗe shi a bargo na kai gida bayan la'asar, na rufe ƙofar zaure, na ajiye shi gaban Malam, na jona. Zauren ya koma kore har rufi. Na durƙusa ina jira.

Malam ya karkata kai ya ce, "An kunna?"

Na ce, "An kunna, Malam."

Ya ce, "Ina dai jin wani abu yana ƙugi kamar zuma. Sai kuma wani hayaƙi-hayaƙi." Sannan ya ce, "Allah ya yi albarka, an gode." Irin godiyar da ake yi wa baƙon da ya kawo abin da ba a ci. Na naɗe kayana na fita, kuma ban taɓa jin na tsani sana'ata ba sai ranar.

Bayan 'yan makonni muka kai shi asibitin ido, ni da Yaya Muntari. Likita ya ce sai an yi aiki. Malam ya ce idon da ya yi masa hidima tun yana yaro ba zai saka masa da wuƙa ba, a mayar da shi gida. Layi ya cinye mana yini, sai dab da magariba muka sami tasi. Malam na gaba, mu muna baya. Muna cikin cunkoso sai ya ɗaga hannu ya nuna sama ta gilashin mota.

"Kai, wancan ba zakara ba ne?"

Direba ya ce, "Zakara ne, Baba. Na otal ne."

"Ja," in ji Malam. "Ga zankonsa can."

Mutumin da ya kusa shekara bai gane fuskar jikokinsa ba. Sai a lokacin na tuna wata magana da Malam Isufu ya taɓa yi, cewa a filin jirgi jan niyon ake sawa don shi ne ke huda hazo, shuɗi da kore a hanya suke narkewa. Yanar idon tsoho kuwa hazo ce mai ruwan ƙasa. Na tsaya zaɓen launin da ya dace da darajarsa, ban tambayi wanda idonsa ke iya karɓa ba.

Ragowar niyon ɗin kuma tana da mai nema. Manajan wani kamfanin alawa a Sharada ya yi ta aiko mini, harafi ɗaya ya mutu a allonsu, in na tayar da shi za su ɗauke ni mai kula da wutarsu na dindindin. A shekarar da magidanta ke zaune a gindin bishiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ga iyali. Kwalbar kuwa ba za ta yi biyu ba. Na je da kaina na ce masa ja ya ƙare, in yana son shuɗi ga shi. Ya ce alawarsu ba shuɗiya ba ce. Muka rabu a haka.

Saura Yaya Muntari, don a lokacin shi ke riƙe da zaure da ɗalibai. Na same shi a soro na faɗa masa zan sake rubuta Bismillahi da jan niyon. Ya ajiye littafin hannunsa.

"Tijjani, kana da hankali kuwa? Sunan Allah da wutar da ake kiran 'yan giya? Koren nan ma don kai ne na yi shiru. Wannan kam ba a zauren nan ba."

Ashe Malam na jin mu daga ɗaki. Sai muka ji muryarsa.

"Muntari."

"Na'am, Malam."

"Da wace tawada muke yin wasali?"

Yaya ya ce, "Da ja."

"To." Can kuma ya ce, "Amma zauren naka ne yanzu, ba zan ƙetare maganarka a gaban ɗalibanka ba. Idan ba za ta shigo ba, ni ina da ƙafa. Tijjani, zakaran nan kai ka yi shi?"

Na sunkuyar da kai kamar yana ganina, na ce, "Ni ne, Malam."



Wannan aikin shi ne wanda na fi tunawa a duk rayuwata. Na share shagon tas. Na yi alwala, kuma duk sanda ta karye sai na sake. A sana'armu a juye ake zana rubutu a tebur, don ta baya ake lanƙwasawa, sai na rubuta a takarda yadda aka koya mini a gida, na ɗaga ta a hasken taga na kwafe ta baya. Dole kalmomin biyu su fito a bututu ɗaya, gajere, har da ɗigon da ke ƙarƙashin harafin farko, wanda na sauko da gilashin na naɗa shi, na shafe mahaɗin da baƙin fenti don kada ya nuna. Wanda ya fashe ban zuba a kwando ba. A tukunya na tara gutsattsarin, daga baya na binne su a gindin dalbejiyar bayan shago, yadda ake yi wa tsohuwar takardar karatu. Unguwar tsit, ba injin da ke motsi, sai hucin wutar gas da numfashina. Wani lokaci sai in ga kamar ba ni ke juya gilashin ba, hannun ne ke tuna abin da ya sani tun yana ƙarami.

Ranar zubi sai da na yi zaman jiran masu wuta har azahar. Da suka kawo na yi toyi, jarida ta yi baƙi, na bari ya huce. Na yi bismilla na murɗa makunnin kwalbar. Man ya fara hawa a hankali, ya tsaya, ya ɗan ƙara, ya sake tsayawa. Na buɗe makunnin gaba ɗaya, abin da ban taɓa yi ba. Ya ja jiki da ƙyar ya taɓa zanen, daga nan bai ƙara motsi ba. Na narke bakin na yanke. Sabon bututu ba ya yin ja nan take, fari-fari yake farawa. Na zauna a ƙasa ni kaɗai ina kallo yana nuna sannu a hankali, har ya zama garwashi.

Washegari bayan la'asar tasi ta tsaya a ƙofar shago. Yaya Muntari ne ya riƙo hannunsa, fuskar nan a ɗaure. Malam ya shigo yana laluben ƙasa da sanda, ya ja hanci ya ce, "Nan ne?" Na ce nan ne. Na zaunar da shi a kujerar Malam Isufu, na rufe ƙofa, na toshe tagogi da buhuna. Yaya ya tsaya can jikin bango. Na ɗora rubutun a tebur, daidai fuskar Malam. Hannuna ya daɗe a kan makunni. Idan wannan ma hayaƙi ne, ba ni da wata iskar, ba ni da wata dabarar.

Na kunna.

Jan ya cika ɗakin, ya kwanta a gemunsa da rawaninsa. Ya matso da fuska, ya ja baya kaɗan. Sai na ga leɓensa yana motsi. Ya ɗaga yatsa.

Na ce, "Malam, kada ku taɓa bakin. Tsakiyar ba ta ƙuna."

Ya ɗora yatsan a kan gilashin, ya fara bi daga dama, a hankali, kamar yadda yake bi da yatsunmu muna yara. "Ba," in ji shi. Ya gangara ya sami ɗigon, ya tsaya a kansa. "Sin. Mim." Ya bi har ƙarshe, ya dawo farko, ya sake bi. Hawaye na bin gemunsa, su ma sun yi ja, bai share ba. Ni ma ban share nawa ba.

Ya koma kan sin ya tsaya. "Haƙoran nan, na tsakiya ya ɗan fi sauran. Haka mahaifina yake jan ta, a wurinsa na ɗauka." Ya juya wajen da yake jin numfashin Yaya. "Muntari, matso ka gani. Wannan hannun gidanmu ne."

Yaya ya matso. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire takalmansa.

Malam ya tambaye ni mece ce tawadar. Na ce wata iska ce, niyon, ba ta da launi sai an bi ta cikinta da wuta. Ya ce tana ƙonewa ta ƙare? Na ce ba ta ƙonewa, ba ta haɗuwa da komai, za ta daɗe yadda ta shiga muddin gilashin bai fashe ba. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Ikon Allah," ya mayar da ido inda yake.

Muka zauna a haka har muka jiyo maigadin masaƙa yana kiran magariba shi kaɗai a farfajiya. Yaya ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Malam, lokaci ya yi, mai tasi na jira." Ya miƙe da ƙyar, yana tafiya yana waiwaye. A bakin ƙofa ya tsaya, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya shafa tabon yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Tijjani, gobe da wane lokaci kake buɗewa?"